Ƙyallen Asibitin da Ya Kwashe Mini Masu Sayen Koko

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina amarya a Kurfi, ni ce mai kokon unguwarmu. Da sassafe yara sun cika mini zaure da kwanuka. Maƙwabciyata, wadda ƙawata ce tun muna 'yanmata, ita ma tana damawa, sai dai nata dusa ta yi masa yawa, sai nawa ya ƙare ake tunawa da ita. Har tausayinta nake ji, irin tausayin nan mai daɗi.

Kwatsam sai kwanuka suka fara wuce ƙofata. Na aika aka sayo mini nata a ɓoye. Na kurɓa, ya wuce maƙogwaro sumul. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na canza gero, na ƙara citta da kanumfari, duk a banza. Har na ce wa surukata lallai akwai hannun malamai a ciki. Ta ce in haka ne, malamin nan ya iya dama koko.

Da abin ya ishe ni, na shiga gidanta da sunan aron ludayi. Na tarar tana tace ƙullu da wani farin ƙyalle shara-shara mai ƙananan idanu, ta ninninka shi. Ashe lokacin da fartanya ta sari ƙafar mijinta a gona, aka kai shi asibiti a Dutsin-Ma, ma'aikacin ya ba su naɗi guda su riƙa canza wa ciwon a gida. Ƙafa ta warke, sauran da ba a taɓa ba ya rage. Ta ce ma'aikacin goz yake kiransa, wai bandeji na ɗaurewa ne ta waje, wannan kuwa shi ke kwanciya kan ciwo don ya sha iska.

Na taɓe baki na ce ni dai ba na haɗa abinci da kayan asibiti. Ta dube ni, ta sa haƙori ta yage rabi.

"Karɓi, ƙawa. Tun shigowarki idonki na kansa."

Na karɓa. Washegari kokona ya fito sumul. Na zauna jiran kwanuka, suka ci gaba da wucewa. Surukata ta ɗanɗana nawa, ta ɗanɗana nata, sannan ta ce, "'Yar nan, da can dusa ce ke ɓoye hannunta. Yanzu an tace, ya fito."

Daga baya na koma tuyar ƙosai, yara su sayi koko wurinta su biyo ta wurina. Haka muka yi shekaru har ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta.

Yanzu na gane na fi son a ce asiri ne, ko ƙyalle, da a ce ta fi ni. Kuma ban warke ba. Har yau in jikokina suka yabi kokona, sai in ji ina son tambayarsu ko ya kai nata, alhali ba su taɓa sha ba.