Ruwan Janairu a Kwarin Hatta

Wata Juma'a ce a watan Janairun 2017, ina shekara sha biyu, Baba ya aro motar abokin aikinsa na kargo a unguwar Naif ta Dubai, ya ce yau sai mun ga duwatsu. Watanninmu kaɗan da barin Kano, muna cushe a ɗaki ɗaya a Al Nahda, wasanmu bai wuce ɓuya a matattakalar bene da ƙirga motocin Sharjah ta taga ba. Murna kamar mu yi hauka. Umma ta dafa shinkafa da wake tun safe, ni aka bar wa wanke kula da naɗe tabarma, ƙanena Haidar kuwa, ɗan lele, ko cokali bai ɗauka ba.

Ana saukowa daga masallaci muka nufi wajen Hatta. Larabawa wadi suke ce wa wurin: kwari ne tsakanin dogayen duwatsu, ƙasansa tsakuwa, ga ƙananan tafkuna kore shar, ruwan da sanyi kamar na randa. Wallahi ban taɓa ganin wuri mai kyau haka ba. Muka shimfiɗa tabarma a tsakiyar kwarin saboda inuwa, Haidar ya shiga bin ƙananan kifaye da kofin roba.

Umma ce ta hango baƙin gajimare can nesa a saman duwatsu. Baba ya dubi gabas, yadda duk Bakano yake duba hadari, ya ga sama tas. Ya yi dariya ya ce, "Haba Maman Haidar, ruwa a Janairu? Sha kuruminki." Allah Ya jiƙan Baba, da lissafin daminar garinsu ya zo Dubai. Ba mu san a ƙasar nan da sanyi ake ruwa ba, balle mu san yana iya zuba a bayan duwatsu ya biyo kwari ya iske mutum rana na dukansa.

Ƙara muka fara ji kamar ta tirela. Sai ga ruwa jajur da laka, yana turo itace da duwatsu. Umma ta fizge ni muka haye dutse. Haidar yana can bakin tafki, ya sandare. Baba ya koma a guje, ya sure shi, ya miƙo shi sama, Umma ta cafke hannunsa. Da ta sake miƙa hannu, babu Baba.

Washegari masu ceto suka same shi. Abokan aikinsa suka sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Al Quoz. Bizarmu a kan aikinsa take, don haka kafin zafi ya shigo mun dawo Kano, mu uku.

Yanzu Haidar ya fi ni tsawo, bai tuna komai sai kifayen, kuma ba na gyara masa. Ranar Juma'a ina ganin ƙawayena suna cewa iyayensu maza sun tafi maƙabarta ziyarar nasu, sai zuciyata ta yi nauyi. Namu yana can kwance a ƙasar da sai da biza ɗansa zai je ya tsaya a kan kabarinsa.