Garkar Baraka

Baraka ƴar garin Rumbu ce, cikin makiyaya ta tashi, aure ya kawo ta Dakoro. Tuwo take sayarwa a bakin kasuwar dabbobi, kuma kowa ya san ba a taka ta a wuce. Bayan mijinta ya rasu ta ci gaba da zama a gidan tare da ɗanta Yazidu da iyalinsa.

Jikarta Nuriyya tana ƙarama ƙyanda ta kama ta. Ta tashi daga ciwon, amma idanun sun tafi. Tun daga nan Yazidu ya hana ta fita ko ƙofar gida, wai kada amalanke ya take ta, kada yara su yi mata dariya. Yarinyar da a da ba ta zama wuri ɗaya ta koma kan tabarma, ko magana ta daina. Wata rana Baraka ta dawo daga kasuwa da ƙullin na'ana'a a bakin zane. Nuriyya ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, mi ne ne wanga mai ƙamshi?" Baraka ta miƙa mata. Yarinyar ta murza ganyen, ta shinshina, ta yi dariya.

Washegari Baraka ta ɗauki hauya ta nufi jujin da ke bayan gidansu, fegin da mijinta ya bari ba a gina ba. Ta kwashe ledoji da fasassun kwalabe, ta zuba takin tumaki. Ba ta shuka gero ko wake ba. Ɗoɗɗoya ta sa, da na'ana'a, da lalle saboda ƙamshin furensa, da ciyawar nobe mai ƙamshi da ta tono daga daji. Ta shuka auduga don laushi, da yakuwa don tsami a baki. Ta rataya busassun ƴaƴan kalgo da ƙananan duma a igiya, iska na kaɗa su suna kacau-kacau. Hanyar ciki kuwa wani wuri yashi ta zuba, wani tsakuwa, wani ƙaiƙayi, don ƙafa ta gane inda take.

Maƙwabcinta Elhaji Mainassara, dillalin awaki, ya leƙo ta kan darni.

"Baraka, a garin da ake wahala kafin a ga ruwa, ke kina ba ciyawar da ba a ci? Tsufa ne ko mi?"

"Elhaji, na roƙi ruwan randarka?"

Ruwan dai shi ne matsalar. Da bazara ta kankama famfon unguwa ya lalace, shukar ta fara yaushi. Baraka ta je wurin liman ta ce ruwan alwalar da ke malala ƙasa a banza take so. Ya yarda. Ta binne rabin tano, wato durom, a inda ake alwala, bayan kowace salla ta zo ta kwashe. Mata suka yi ta gulma, wai har ta koma bara da ruwan ƙafar maza. Ta ce a bar su, baki nasu ne.

Ranar da ta kama hannun Nuriyya za su fita, Yazidu ya tare ƙofa.

"Inna, in wani abu ya same ta fa?"

"Abin da zai same ta ya wuce wanda ka yi mata? Ka binne ta da rai a ɗaki. Kauce mini."

Ya kauce. Kafin damina Nuriyya tana zagaya garkar ita kaɗai, tana kiran kowace shuka da sunanta.

Sai awakin Elhaji suka fasa shingen garkar suka cinye komai, har audugar. Nuriyya ta shiga tana lalube, ba ta taɓa komai sai kara, ta fashe da kuka. Baraka ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure babban bunsurun da ɗankwalinta, ta ja shi tsakiyar gari da rana tsaka har ƙofar mai unguwa, yara na biye. Aka yanke cewa Elhaji zai kawo ƙayar bagaruwa ya gyara shingen. Ita kuma ta sake shuka tun daga farko.

Labari ya bazu. Wata mata daga Sabon Maci ta kawo ɗanta kurma, ya wuni da tafin hannu a kan duma yana jin motsinsa. Wata ta kawo ƴarta mai rarrafe. Yanzu da la'asar iyaye mata kan shimfiɗa tabarmi a gindin lallen, yara masu ido da marasa ido na wasa tare. Doka ɗaya ce: a taɓa, a shinshina, a ɗanɗana, amma ba a tumɓukewa.

Bara Elhaji ya aiko a ce wa Baraka yana son fegin zai faɗaɗa garkensa, zai ba ta wani a bayan gari. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa makauniya ba ta san hanyar bayan gari ba, ta nan ta sani."

A satin ta samo dashen tsamiya, ta haƙa rami a tsakiyar garkar. Yazidu ya ce, "Inna, wannan ai ba za ki sha inuwarta ba."

"Na sani," in ji ta. "Miƙo mini bokitin."