Rancen Irin Kuɓewa

A shekarar da aka karya darajar sefa, keken ɗinkin maigidana ya yi shiru. Ma'aikatan da ke kawo masa yadi an riga an yanke musu albashi, ba mai zancen sabuwar riga. Mu bakwai ne a ɗaki biyu a unguwar Briqueterie ta Yawunde, tukunya kuwa ba ta san an shiga wani hali ba.

Bayan ɗakinmu akwai ɗan fili tsakanin bango da kwata, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Na ce zan shuka kuɓewa. Na nemi iri wurin wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ewondo da nake sayen ganye a hannunta a kasuwar Mokolo. Da guntun Faransancina da guntuwar Hausarta muke fahimtar juna. Ta ce irin nata ba na sayarwa ba ne, daga kakarta ta gaje shi, amma za ta ranta mini cikin tafin hannu ɗaya, in na girbe in mayar mata da biyu. Na amsa da in sha Allahu, na rubuta ranar da ajami a bangon littafin addu'o'ina don kada in manta.

Kuɓewar ta yi kyau, gajera mai yauƙi. Wata biyu muna miya da ita, har maƙwabta suka ɗanɗana. Waɗanda na ware don iri na bar su a jikin kara su bushe, kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi a Arewa. Sauran na yanka na shanya a kan rufin kwano. Na manta cewa nan Yawunde ce. Ruwa ya yi kwana huɗu yana zuba, na rufi suka yi funfuna, na jikin kara suka yi baƙi suka ruɓe. Ko ƙwaya ɗaya ban tsira da ita ba.

Kunya ta sa na daina bin layinta a kasuwa. Abin ya tsaya mini a rai, domin haƙƙin mutum ne, kuma ba abin da zan saya in biya da shi. Ran nan ta kama mini gefen mayafi a wurin masu manja. Na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yata, ranar garinku kika zo da ita a jaka? A nan hayaƙi ne ranarmu."

Ta koya mini in cire ƙwansunan da zarar sun fara tsagewa, in rataye su a saman murhu mako biyu, sannan in ɓare, in gauraya da toka in zuba a kwalba mai murfi. Ta miya ma a kan ragar waya ake busar da ita, sama da wuta. Ta ƙara mini wani tafin hannu, ta ce yanzu huɗu take bi na.

Wannan karon Allah Ya nufa. Na cika kwalba uku, busasshiyar kuɓewa kuma ta kai mu har azumi. Na je da kwalbarta, sai na tarar da wata a teburinta. Aka ce ta tafi ƙauye jinyar ɗanta. Damina uku ina sake shukawa ina sabunta mata rabonta, ina roƙon kada Allah Ya ɗauki ɗayanmu kafin mu haɗu.

Wata Laraba mai manja ta ce mini ta dawo, tana wurin 'yarta a unguwar Messa. Na same ta zaune a ƙofa, ta rame. Ɗan ya rasu. Na yi mata gaisuwa. Can ta ce a bayanta ɓeraye da danshi sun cinye duk irin da ta bari, na kakarta ya ƙare. Na kwance ƙullin haɓar zanena na fito da kwalbar.

Ta zuba a hannu, ta hure tokar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta auna tafi huɗu a cikin kwano, ta rufe kwalbar ta miƙo mini sauran. Na ce, "Duka naki ne, Mama."

"Huɗu muka yi da ke," in ji ta. "Na karɓa. Ɗauki naki."