Neman Intalok Mai Ƙugun Kalangu

Ikara, asubahin Talata

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallah, na nufi tasha da buhu a kafaɗa, intalok biyu a ciki, tsoho da sabo. Duwatsun simintin nan ne da ake shimfiɗa wa tsakar gida a kan yashi, kowanne ya shige jikin ɗan'uwansa. Namu mai ƙugu ne kamar kalangu, kan wannan ya zauna a ƙugun wancan.

Saboda Inna na fito. Bara da damina santsi ya kayar da ita ta karye a cinya. Tun lokacin tana wajen ƙanwata a Zariya, kuma Juma'ar nan za ta dawo tana dogara sanda. Na rantse ba za ta sake taka taɓo a gidanmu ba. Na sami ragowar intalok wajen wani maƙwabci muka shimfiɗa, sai ya ƙare daidai tsakanin ɗakinta da wajen alwala, saura guda arba'in. Ni da gaggawar tsiya na sayo ciko ban gwada ba, don a idona kalangu kalangu ne. Ashe kowane mai bugawa da irin robar da yake zuba siminti a ciki. Da muka jera, sai ga giɓi, yatsana ya shige zuruf. Inda yatsa ya shiga kuwa, kan sandar Inna zai shiga.

Makarfi, bakwai saura kwata

A shingen da ke hanya jami'i ya leƙa buhuna, ya tambaya ko da bulo biyu zan gina gida. Mota ta kwashe da dariya, ni ko murmushi ban yi ba.

Na sha koko da ƙosai a tsaye, na nemi Malam Sule mai buga intalok, wanda maƙwabcina ya kwatanta mini. Ya juya tsohon, ya juya sabon, ya girgiza kai. Ya ce na maƙwabcina bugun Baba Yohanna ne, ya daina aiki ya koma Hunkuyi. Ya ƙara da cewa ko na samo robar, abin da aka zuba yau ba zai taku ranar Juma'a ba. Amma na ce tunda na fito sai na ga ƙwal uwar daka.

Hunkuyi, goma saura minti ashirin

Mota biyu na sauya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni bayan kasuwar hatsi. Baba Yohanna mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya fi ni daɗewa a ƙasar nan. Bayan mun gaisa na kwashe labari na faɗa masa. Ya kai ni bayan gida ya nuna mini robar: guda ɗaya ta rage, a tsage, kaji na shan ruwa a ciki. Wallahi saura kaɗan in zubar da hawaye a gaban kajin nan.

Muna komowa ƙofar gida ya tsaya ya ce, “Ɗana, tun ɗazu me kake takawa?”

Na dubi ƙasa. Kalangu ne tun daga bakin zaure har titi. Ya sa ɗan ƙarfe ya ɓanɓaro guda, na saka tsohon nawa a gurbinsa, ya zauna daram, ko tsinke ba zai shiga ba. Ya ce in ɗebi adadin da nake nema.

Kunya ta kama ni, na ce ba zan bar masa rami a ƙofa ga damina ba. Ya ce in aiko masa da cikon da na sayo ya cike. Na tuna masa ai ba za su haɗu da nasa ba.

“Ni ƙafata lau,” in ji shi. “Giɓin yatsa ba zai kayar da ni ba.”

Na farko ne kawai mai gardama, sauran da hannu muka ɗebe. Maiɗakinsa ta kawo mana dafaffiyar masara, muka ci da hannu duk yashi.

Ikara kuma

Wata a-kori-kura mai buhunan taki ta ɗauko ni da kayana, muka iso ƙarfe huɗu da kwata. Laraba muka jera, Alhamis na aika wa Baba nasa.

Juma'a da hantsi Inna ta sauka. Ƙanwata ta riga ta tsegunta mata komai a mota. Ta ƙi a riƙe ta. Ta taka daga ɗakinta zuwa wajen alwala tana ƙwanƙwasa sanda, ƙwas, ƙwas. Ta je ta dawo, ta sake zuwa.

“To ina wajen cikon?” ta tambaya.

Na ce, “Kina kansa, Inna.”

Ta jingine sandar a bango ta ɗauki buta. Sai a lokacin na sami wuri na zauna. Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Baba Yohanna kuwa, Inna ta ce in kai masa zakara, kuma kada in kuskura in faɗa cikin giɓin ƙofarsa.