Ƙosai Ya Cinye Ƙarshen Labari

Ina da shekara tara baba ya kai ni wani gidan yara naƙasassu a Kakuri, saboda shan-inna ya shanye min ƙafar hagu. Matar da ke kula da mu, Madam muke ce mata, tana sayar da ƙosai a ƙofar masaƙa. Wakenmu da manmu can suke tafiya, mu kuma a bar mu da ƙamshi.

Ƙawata makauniya ce, 'yar Kudancin Kaduna, bakinta ya fi reza. Littafi ɗaya tal muke da shi, wasu baƙi suka kawo, labarin wani yaro gurgu da aka kulle a gida irin namu. Kullum bayan la'asar nake karanta mata, ita ko tana ta zagin maigadin cikin labarin kamar yana jin ta.

Rannan muka zo inda yaron ya kama katanga zai tsere. Na juya shafi, sai ga bangon littafin. Ashe Madam ta yage sauran ta naɗe ƙosai. Ƙawata ta ƙi cin abinci, wai in yaron nan bai fita ba, mu ma nan za mu tsufa.

Sai muka tafi farauta. Ta goya ni, ni ce ido ita ce ƙafa, ina cewa dama tana yin hagu, har muka zube a kwatar bayan kicin. A bola muka tsinci shafi ɗaya, ya sha mai har ana hango rana ta cikinsa. Abin da ke karantuwa kawai: "sai akuyar ta".

Na ga hawaye a fuskarta, tausayi ya kama ni. Na miƙe takardar na fara zuba: akuyar ta ɗauki yaron, ta tsallake katanga, ta tare bas ɗin Gonin Gora, ta zauna gaba kusa da direba, ta kai shi har ɗakin uwarsa, aka soya ƙosai kwano guda ya cinye shi kaɗai.

Sai ta ce, "Ke, duk a shafi ɗaya? Ban ji kin juya ba."

"Rubutun ne ƙanana," na ce.

"You dey lie! Ƙarya kike, wallahi."

Na zata fushi za ta yi. Sai ta laluba ta kama hannuna, ta gyara zama.

"To, ci gaba," ta ce. "Amma ki dawo da akuyar. Akwai sauran yara biyu a gidan."