Ranar da Aka Tuɓe wa Masaƙin Kalgo Riga

Duk tsufan nan nawa, ban manta da ranar da Malam Arzika masaƙi ya zo yi mana saƙa a ɗakin nuni na Gwandu ba. Ku masu karɓar baƙi yanzu ya kamata ku ji labarin, don irin aikinku muke yi a lokacin, sai dai namu ƙarami ne.

Wajen tsakiyar shekarun 1950 ne, kafin mulkin kai. Ofishinmu ya buɗe wani ɗaki mai rufin kwano kusa da kasuwa, aka tara kayan hannu na ƙasarmu a ciki: riguna masu aiki, gwadaye, ƙore masu zane na matan Fulani, tukwane, jakunkunan fata, har da homar masunta. Ni ne ƙaramin malami, jagoran baƙi kuma tafinta, saboda na yi makarantar Midil na iya ɗan Turanci. Sama da ni akwai babban akawu, Malam Haliru, shi ke riƙe da makulli. Sama da shi kuma akwai wani Bature mai kula da sana'o'i da kan zo rangadi jefi-jefi. Mutane na kiransa Mai Lofe.

Ran kasuwa kowa na iya shiga ɗakin. Alhamis ta 'yan elementare ce, su zo da malaminsu in zagaya da su. Amma abin da ya fi jan mutane shi ne ranar gwani. Duk wata mukan gayyato mai sana'a ɗaya ya zauna a rumfar ƙofar ɗaki ya yi aikinsa, jama'a su kewaye shi suna tambaya, mai so ma ya gwada hannunsa. Maƙerin Dalijan ya zo, mata masu ginin tukwane daga Dodoru sun zo, kowa ya koma gida da fara'a.

Malam Arzika ne ya fi ba ni wuya. Dattijo ne a Kalgo, farin gemu, shi ke ba da salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Gwadonsa kuwa, duk mai idon kaya ya gan shi ya san hannun wa ya fito. Na je har gidansa na roƙe shi.

"Malam Labbo," ya ce da ni, "ni ba ɗan wasa ba ne. Mi za ni yi gaban taro?"

Na ce, "Baba, ba wasa ba ne, girmamawa ce. Yara su ga yadda ake yi, manya su san mai yi."

Sai da na bi ta hannun hakiminsu, ya aiko masa bafade da gaisuwa, sannan ya yarda.

Ana saura kwana kaɗan sai labari ya zo cewa Mai Lofe zai zo a ranar tare da manyan baƙi daga nesa, har da mai ɗaukar hoto, wai za a buga ɗan littafi kan sana'o'in ƙasar nan. Na yi murna ƙwarai, na ce Allah ya kai tsohon ga ranarsa.

Malam Arzika ya iso bayan kwanan hanya, kayan masaƙa a kan jaki. Tare da shi akwai 'ya'yansa maza, da surukinsa, da bafaden hakimi, da waɗansu maƙwabta da suka biyo shi don su ga an karrama mutuminsu. Da hantsi ya fito cikin farar riga mai aska, wadda shi ya saƙa ƙyallenta da hannunsa, ya naɗa rawani, ya sa tabarau saboda zaren ya fara ɓace wa idonsa. Ya kafa masaƙa, ya ja zare ya ɗaura wa kunkuru, wato dutsen da ke riƙe zaren ya miƙe. Ya yi bisimilla ya fara jefa ƙoshiyar saƙa. Kasuwa ta watse ta dawo rumfarmu.

Baƙi suka iso da mota. Mai hoto ya zagaya tsohon yana leƙa shi ta akwatinsa, ya girgiza kai, ya yi magana da Mai Lofe. Mai Lofe ya kira ni. Ya ce wannan bai yi kama da masaƙin ƙauye ba, ya fi kama da alƙali. A cire rawani, a cire tabarau, a cire riga. Ya nuna wani tsohon walki na fata da ke rataye cikin kayan nuni, ya ce a ba shi ya ɗaura.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dattijo ne mai ba da salla. Ga 'ya'yansa, ga surukinsa tsaye. Wannan ba zai yiwu ba."

Ya ce ai na ɗan lokaci ne kawai. Na ce ni bakina ba zai iya faɗa masa ba. Sai Malam Haliru ya janye ni gefe, ya ce, "Kai yaro ne. Wa ya tambaye ka ra'ayinka?" Ya je da kansa ya durƙusa gaban tsohon, ya faɗa masa a hankali, ya ƙara da cewa in ya ƙi, maganar za ta koma kan hakimin da ya aiko shi.

Malam Arzika ya dakatar da ƙoshiya. Ya dubi Malam Haliru, ya dubi bafaden hakimi da ya sunkuyar da kai, sannan ya nemo ni da ido cikin mutane. Ya warware rawani ya miƙa wa babban ɗansa. Ya cire tabarau. Ya tuɓe riga da taguwa. Surukinsa ya juya baya ya fita daga taron. Walkin nan ya ɗaura shi bisa wando, mai hoto ya ce a naɗe ƙafafun wandon kada su fito.

Da babu tabarau sai zare ya riƙa tsinke masa, yana lalube. Wani daga bayan taro ya yi dariya, waɗansu suka ɗauka. Baƙi suka tafa, suka shiga mota. Tsohon ya sa tufafinsa, ya kwance masaƙa, ko abincin da muka tanadar musu bai taɓa ba. Kafin la'asar sun kama hanya.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an manta. Bayan watanni sai ga hoton an aiko, babba, cikin gilashi, da umarnin a rataye shi a bangon ɗakin nuni. A ƙasansa an rubuta "masaƙin ƙauye" da Turanci. Babu sunansa, babu sunan garinsu. Fatake da masu cin kasuwa daga Kalgo suka riƙa shigowa suna kallo, suna kai labari gida. Yaran garinsu suka laƙaba masa Mai Walki. Na roƙi Malam Haliru a sauke hoton, ya ce ba shi ya rataya ba. Da Mai Lofe ya sake zuwa na roƙe shi, ya ce hoto ne mai kyau, ya kamata mutumin ya yi alfahari. Da na matsa, sai aka ɗauke ni daga karɓar baƙi aka mai da ni sito, wai ba ni da ladabi.

Ranar gwani kuma ta mutu. Duk mai sana'ar da aka aika wa sai ya ce ba shi da lafiya, ko gona ta riƙe shi.

Bayan damina na nemi izini na je Kalgo. Na iske shi zaune a zaure, babu masaƙa a ƙofar gida. Ɗansa ya gaya mini ya bar saƙa, ya kuma daina shiga gaba a masallaci. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo mini fura. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Na ga ka yi magana ran nan, ɗana. Ba ka da laihi." Sannan ya ce, "Tun ina yaro nike suturta mutane. Jinjiri da anka haifa, amarya, har gawa, duk na saƙa musu abin rufa jiki. Ku kuwa rana guda na zo gidanku kunka tuɓe ni."

Bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Hoton kuwa ya daɗe a bango bayan shi, har ɗakin ya rufe aka kwashe kayan.

Daga baya na koma aikin baƙi a wasu wurare, na yi shi har na aje aiki. Abin da na gani shi ne, a sana'armu ana goge ƙura a jikin gwado kullum safiya, ana hana yara taɓa shi, amma wanda ya saƙa shi babu mai tsaronsa. Mai zuwa kallo ya zo ya wuce, gobe ya manta. Wanda kuka zaunar a gaban mutane kuwa, garinsu zai koma, da idon da aka kalle shi zai ƙarasa rayuwarsa. In kun gayyato mutum, ku tsaya masa har ya koma gida da rigarsa a jikinsa. In kun san ba ku da ƙarfin haka, ku bar shi a gidansa.