Ranar da Baba Saja Ya Rasa Hannun Sarawa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai na aikin nan, ba na jin zai taɓa ranar da na ba soja umarni, ya kuma bi.

Lokacin ni ce shugabar ƙaramin asibitinmu na Gubuchi, abin da ku yaran yanzu kuke kira in-caji. Sunan ne babba. Ni ce mai awon ciki, ni ce mai karɓar haihuwa, in abu ya fi ƙarfina in rubuta takarda a wuce babban asibiti a Makarfi. Maigadinmu wani tsohon soja ne, Mamuda, amma kowa Baba Saja yake ce masa, don ya kai muƙamin saja, mai igiya uku a hannu, kafin ya ajiye kaki ya dawo gida noman rake.

Mutumin kirki ne, sai dai fuskar nan kullum a murtuke. In na shigo da safe ya ƙame ya sara mini. In an haihu ya sara. In an yi rashi ya buɗe ƙofa, ya sara wa gawa, ya rufe. Kande mai shara, da yake Bakanuwa ce shi kuma Bazazzagi, ba ta raga masa.

"Bazazzagi, wai haƙoran a bariki ka baro su ne, ko gwamnati ce ta karɓe tare da bindiga?"

Sai ya dube ta ya ce, "An ji." Iyakarta ke nan.

Wata Laraba cikin damina aka kawo 'yarsa ta fari, Sa'a, tana naƙuda. Tun a awo na san tagwaye ne, na kuma ce babban asibiti za ta haihu. To, ruwan safiyar nan ya cinye hanya, motocin garin kuma tun kafin ruwan duk sun tafi kasuwar Makarfi. Dole na naɗe hannun riga.

Na farko ya fito lafiya. Na biyun ya tsaya yi mana sarauta. Ana cikin wannan hali Sa'a ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, ko mutuwa na yi Baba sara mini kawai zai yi. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi murna da ni ba." Na ce ta yi nishi ta bar surutu, amma maganar ta soke ni. Can kusan azahar Allah Ya kawo na biyun da kukansa, uwa lafiya, yara lafiya.

Muka gyara ta muka mayar ɗakin hutu, inda ake barin 'yan uwa su shiga. Kande ta ce yau dai sai ta ga haƙoran nan. Muka fita tare.

Na ce, "Baba Saja, albishirinka!"

Maimakon ya ce goro, sai ya ƙame. "Ina saurare, Madam."

"Tagwaye, duk maza. Uwarsu ƙalau."

"Madalla," in ji shi. Ya sara, ya juya kamar a fareti, ya yi bayan asibiti.

Kande ta tafa hannu ta ce wannan ba mutum ba ne, turmi ne. Ni kuwa raina ya ɓaci. Ina komawa ciki Sa'a ta tare ni da ido. "Me ya ce?" Na ce ina zuwa. Ƙarya ba zan yi mata ba, gaskiyar kuma ba zan iya kai mata ba.

Na bi shi da niyyar in wanke shi tas. Na same shi tsugune gindin tankin ruwa, yana wanke silifas ɗin Sa'a da suka sha taɓo. Sun riga sun fita fes, amma yana ta dirza.

Ya ce, "Madam, abu ya cika mini ƙirji, ban san ta inda yake fita ba. Ranar da aka harbe abokina a gefena na buɗe baki zan yi kuka, oga ya ce a ajiye shi sai an koma bariki. Da muka koma na neme shi ban gan shi ba. Ita ma dariyar ashe ta bi shi. Tun safe nake jin muryar yarinyar nan ta taga. Abin da na iya ke nan, in gyara wa mutum kayansa ya zo ya tarar."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na san lallashi ba zai yi ba, mutumin da ya shekara da shekaru ba a lallashe shi ba. Sai na gyara tsayuwa na ɗaga murya.

"Saja Mamuda! Wa ke shugabancin asibitin nan?"

Zumbur ya miƙe. "Ke ce, Madam."

"To wanke hannu da sabulu. Gaba, ɗakin hutu!"

"Madam, 'yar fari ce, da kunya..."

"Umarni ne!"

Haka na tasa shi gaba, Kande na biye tana kiran lef-rai. Yana shiga ya ƙame a bakin gado yana kallon bango. Kafin ya ɗaga hannu na ɗora masa Hasan a dama, na ɗora masa Husaini a hagu. Shi ke nan, babu hannun sarawa, babu na share fuska.

Ya sunkuyo ya dube su. Husaini, sarkin taurin kan nan, ya yi hamma ya sakar masa fitsari a hannun riga. Sai muka ji wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba Saja, kamar an tayar da injin ban ruwa da ya daɗe a ajiye. Dariya ce. Tana fita hawaye suka biyo ta, suna gangarowa har gemu, shi kuwa ba halin ɓoyewa. Kande ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Jama'a ku zo, ashe akwai su, har da wushirya!"

Ya juyo gare ni. "Madam, a gaya wa yarinyar nan ta yi ƙoƙari."

Na ce, "Ni ba masinja ba ce. Ga ta nan."

Ya juya ya dube ta. Sannan ya ce, "Sannu, uwata. Na ji tsoro ƙwarai. Allah Ya yi miki albarka." Sa'a ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ita ma kuka da dariya a haɗe.

Ba zan ce muku daga ranar ya zama mai fara'a ba. Washegari ma ƙamewa ya yi. Abin da nake so ku riƙe, ku da za ku gaje mu, shi ne a aikin nan an koya mana gudu wurin mai ihu, alhali wani ciwon nasa shiru ne. In kun ga tsohon soja ya tsaya ƙiƙam ranar murna ko ranar makoki, kada ku ce ba shi da zuciya. Wani ne ya taɓa ce masa ya ajiye ta sai an koma gida, har yau kuma ba a sami wanda ya gaya masa an iso ba.